Taku Bakwai Daga Talabijin

Ranar da Kawu ya kawo mana talabijin ɗin nan, sai da maza uku suka karkata kwalin kafin ya shiga ƙofar falo. Kawu ƙanen Inna ne, a Wurno yake zaune, yana fataucin albasa da tafarnuwa zuwa Ikko. Baba ne ya riƙe shi tun yana ƙarami, to shekarar da kasuwa ta yi masa kyau sai ya rasa abin da zai saka masa da shi, ya je ya jajibo wannan ƙatuwar aba. Faɗinta ya kusa na ƙyauren ɗaki in an kwantar da shi. Ga sifika har biyar, ga wani baƙin akwati mai gurnani, wanda in an kunna shi kwanonin Inna sai sun yi ta karkarwa a cikin kabad. Unguwar kaf babu mai irinta, ƙannena kuwa har tafiyarsu ta sake a makon nan.

A Goronyo muke lokacin, a gidajen ma'aikatan ruwa da ke ƙasan madatsa. Aikin Baba buɗe ƙofofin ruwa ne. Da sassafe zai hau kekensa ya bi gefen babbar hanyar ruwa, wadda muke ce wa kanal. A kowace ƙofa akwai sandar awo tsaye cikin ruwa, da lambobi a jikinta. Daga sama zai duba inda ruwa ya kai, ya murɗa ƙarfen ƙofa, ya sakar wa masu albasa nasu, masu alkama nasu, ba ƙari ba ragi. Aikin ido ne tsantsa, kuma Baba mutum ne mai alfahari da idonsa. In ana neman jinjirin watan azumi, shi mutanen unguwa ke tsayawa kusa da shi.

Da aka gama haɗa wayoyi, aka ɗora ta bisa tebur a ƙuryar falo, sai gardama ta tashi a kan inda za a zauna. Kawu ya ce mai kantin da ya sayar masa ya ce taku huɗu ya isa, wai a nan ne hoton ke cika wa mutum ido. Ana cikin haka maƙwabciyarmu ta leƙo. Ma'aikaciyar jinya ce, Kirista, 'yar wajen Jos, kowa a unguwa Sista yake ce mata. Ta riƙe haɓa ta ce, "Kai! Wannan ai silima kuka kawo gida. Baba, ku ja baya sosai. Ni da a gidana ne, taku bakwai zan ba ta, saboda idon yara."

Tsakanin mai sayar da albasa da ma'aikaciyar asibiti, wa Baba zai bi a maganar ido? Ya miƙe, ya sa diddigensa a gindin tebur, ya taka bakwai da dogayen ƙafafun nan nasa, ya ce a miƙo masa ƙusa. Ya duƙa ya ja layi a siminti tun daga wannan bango har wancan.

"Ga iyaka nan," in ji shi. "Duk wanda ƙahwatai ta ƙetare zanen ga, shi da kallo sai wani mako."

Kawu ya ce, "Haba Yaya, daga nan ai kamar mutum na hangen ta daga Kagara."

Baba ya ce, "Kai da albasa kaka ci, ni da ido nika ci." Aka yi dariya, magana ta ƙare.

Wanda bai tashi a gida irin namu ba zai ce ai shi ke nan, kowa ya samu wuri bayan layi ya zauna. Ina! A gidanmu ba a ba babba baya. Ba ka zama gaban mahaifinka ka juya masa ƙeya, ko mi ake nunawa a gabanka. Saboda haka kujerar Baba, wata ta katako mai hannu, ita aka dasa daidai kan layi, ƙafafunta na gaba a bisa zanen. Ƙannena huɗu suna tabarma, biyu dama biyu hagu, ɗan baya kaɗan da kafaɗarsa. Inna tana kan kujera 'yar tsugunno kusa da ƙofar tsakar gida, don ta riƙa leƙa tukunya. In maƙwabta sun shigo kallo, su ma sun san wurinsu, bayan yara. Inda Baba ya zauna, nan ne gaban kowa.

Ni kuwa can jikin bango nake, bayan kowa da kowa. Ni ce ɗiyar fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ban kuma tuna ya taɓa yi mini magana kai tsaye wadda ta wuce kalma uku ba. Ina tsaye gabansa zai dubi Inna ya ce, "Hwaɗa ma waccan ta kawo man ruwan alwala." Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka ya tarar ana yi, haka shi ma aka yi masa. Tun da aka yaye ni aka kai ni wurin kakata a Maikujera, ban dawo gidanmu ba sai da zan shiga sakandare. A shekarar talabijin ɗin na riga na gama makaranta, ina gida ina jiran sakamako, shara da wanki duk a kaina. Ina son mutumin nan kamar raina, ina kuma jin tsoron ko da gyaran muryarsa.

Daga inda nake zama, kan Baba ya tare mini rabin hoton. Mutane na kallon labarai da wasan kwaikwayo bayan magariba, ni ina kallon ƙeyar Baba da hularsa. Shi ya sa na riga kowa gani.

Daga wuyansa abin ya fara. Wata uku da zuwan talabijin, an shiga aikin rani, sai na ga Baba ya daina jingina. Yana miƙa wuya gaba, yana karkata kai yana kallo da gefen hagu, Allah ya yafe mini, kamar kaza ta hango tsaba. Dauri in ana labarai shi ke karanta mana rubutun da ke gudu a ƙasan hoto, da ƙarfi, har yana gyara wa mai karatun lafazi. Sai ya daina. Wata rana ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Mi anka rubuta can?" Bai kira kowa ba, amma kowa ya san da wa yake. Na karanta masa daga jikin bango.

Washegari ina shara na ga ƙafafun kujera sun ƙetare layi da kamar faɗin tafin hannu. Na ce yara ne suka ture ta, na mayar da ita daidai zane. Da safe na sake ishe ta gaba. Na mayar. Rana ta uku na sa ido. Ya shigo daga masallaci, ya zauna, ya yi kamar yana gyara riga, sai ya kama hannayen kujera ya ja ta gaba a hankali, ya rufe ƙarar da tari. Gabana ya faɗi. Wallahi har yau in na ji dattijo ya yi irin tarin nan, sai na tuna magaribar nan.

Mun fi mako biyu a haka, ni in mayar da safe, shi ya gusa da magariba. Tafin hannu ya zama kamu, kamu ya zama taku. Na fara ganin abubuwan da da ban kula da su ba. In an ajiye masa kofi ta dama, sai ya lalube shi. Sau biyu ya bugi bakin ƙofa da kafaɗa, ya ce ƙofar ce ta kumbura. Abinci ya daina shiga mini. Ina wanki ina tambayar kaina: mi ke cin idon Baba? Zai tsaya nan ko zai ci gaba? In ya makance fa? In na zo nan sai in yi maza in yi ta'awizi, kamar ni ce zan jawo abin da tunani.

Na tattara ƙarfin hali na samu Inna a madafi. Na ce, "Inna, kin lura da idon Baba kuwa?"

Ta ɗago da muciya a hannu. "Mi kinka gani ga idon nai?"

"Kamar ba shi gani sosai."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Ubanki za ki ja ma makanta? Mutumin da ka karanta lamba cikin ruwa tun ba a haihe ki ba? Gajiya ta, da hasken abin ga da kawunki yak kawo muna. Kada in ƙara jin maganag ga, balle ta hita waje ta kai ohis."

Da ta ambaci ofis sai na gane ita ma tsoro take ji. In aka ji mai buɗe ƙofar ruwa ba ya gani, aiki ya tafi, gidan da muke ciki ma na aiki ne. A ranar, da hannunta ta sa masa tozali, ta ce maganin gajiyar ido ne, ta kuma hana a kunna talabijin kwana uku. Ya yarda. Rana ta huɗu aka kunna, kujera ta ci gaba da tafiyarta.

A nan ne na yi wautar da har yau ban yafe wa kaina ba. Wata magariba autarmu, 'yar shekara biyar, ta nuna ƙasa ta ce, "Lah! Baba ya ƙetare layi! Baba sai wani mako!" Na ga yadda Baba ya ƙame a kujera, bai waiwayo ba. Na miƙa hannu na murɗe mata cinya har ta yi ƙara, na ce ta yi wa mutane shiru. Washegari da na zo shara, ban mayar da kujera ba. Na ɗauko babbar tabarmar baƙi na shimfiɗa a kan layin, ta rufe shi ruf. Daga ranar ni da kaina nake gusa kujerar gaba kafin ya dawo daga masallaci, kaɗan-kaɗan, don kada ya sha wahalar tarin ƙarya. In na ga ya fara miƙa wuya, gobe in ƙara masa yatsa huɗu. Ƙannena murna suke, su ma sun matso. Ni a haukata taimakonsa nake yi, ina rufa wa ubana asiri. Kaico, ashe ciwon nake taya ɓuya.

Cikin kwanakin nan Kawu ya biyo ta wurinmu zai ɗora kaya. Ya shigo falo, ya dubi inda kujera take, ya ƙirga da ido, sai ya fashe da dariya har da tafi.

"Yaya, ashe kun dawo ga maganata! Taku huɗu cur! Ina mai asibitin? A kira ta ta gani."

Baba ya yi murmushi ya ce, "Awo, ka yi gaskiya." Ban taɓa jin Baba ya ba Kawu gaskiya da sauri haka ba. Na ji kamar in ɗauki tsintsiya in rufe Kawu da duka. Mutum ya zo ya ga abu ƙiri-ƙiri, shi murnar cin gardama yake yi! Da zai tafi na raka shi har bakin mota da niyyar in faɗa masa. Ya ce, "Mi an nan, ɗiyata?" Na ce a gaida mutanen Wurno.

Sai kuma wanki ya fara ba ni labari. Lokacin sanyi ne, amma kullum wandon aikin Baba sai ya dawo jiƙe har cinya, wata rana har ƙugu, da laka a bakin ƙafa. Inna ta tambaye shi, ya ce ciyawa ce ke toshe ƙofa yana shiga cirewa. Wata safiya ya fita bai sha kunu ba, Inna ta zuba a kwano mai murfi ta ce in bi shi da shi ƙofa ta biyu. Na bi gefen kanal, gonakin albasa kore shar dama da hagu, manoma can nesa suna jiran ruwa. Na hango kekensa a jingine, shi ban gan shi ba. Da na matso sai ga shi a ƙasa, cikin ruwa har ƙugu, ya rungumi sandar awo da hannu ɗaya, fuskarsa kusan manne da ita, yana bin lambobin da yatsa. Ruwan wurin ba na wasa ba ne. Ja yake yi zuwa bakin ƙofa, in ya ɗauke ƙafar mutum ƙarƙashin ƙarfe zai cusa shi. Rigarsa na ta kaɗawa cikin ruwa, shi kuma yana ta karkata kai.

Na tsuguna bayan wani tarin ƙasa, na toshe bakina da mayafi. Ina so in yi kira, to in ce mi? In ce na gan ka? Sai da ya hawo, ya murɗa ƙarfe, ya matse wandonsa, sannan na fito kamar yanzu na iso. Na durƙusa na ajiye kunu. Leɓunansa sun yi fari don sanyi. Ya dubi gefe ya ce, "An gode." Na juyo gida.

Daga ranar, duk safiyar da ya tura keke ya fita, hankalina sai ya bi shi. In wani ya yi sallama da ƙarfi a ƙofar gida kafin hantsi, sai in ji kamar an zo faɗa mana ne. Na ƙona wa Inna tuwo sau biyu, na sha faɗa, ban ma ji faɗan ba. Numfashina ba ya daidaita sai na ji ƙarar sarƙar kekensa a ƙofar gida.

Sau uku ina zuwa wurin Sista da niyyar in faɗa mata. Na farko na ce gishiri na zo nema. Na biyu na ce kaina ke ciwo, ta ba ni ƙwaya biyu. Na uku ta dube ni ta ce, "Ke, kin rame fa. Me ke damun ki?" Maganar ta zo har bakina. Sai na tuna in ta fita, ni ce ɗiyar da ta kai zancen idon ubanta waje, ni ce kuma zan dube shi gobe. Na ce ba komai, jiran sakamako ne. Ta ce in daina sa abu a rai, Allah na nan. Kwana biyu bayan nan ta tafi gida hutun Kirsimeti, ta haɗa da hutun shekara. Mako shida ƙofarta na kulle, kullum in na wuce sai na zagi kaina.

Ranar da ta dawo, da magariba ta yi sallama da tsarabar dankalin Turawa a leda. Tun ranar da aka ja layi ba ta ƙara shiga falonmu ana kallo ba. Ta tsaya bakin ƙofa, kusa da ni, ta dubi falon. Mu da muke ciki kullum ba mu ga yadda abin ya zama ba, sai da na bi idonta na duba: rabin falo wayam, iyali duk sun cure a gindin talabijin, Baba a gaba, gwiwarsa ta kusa taɓa tebur. Taku biyu ma da ƙyar.

Ta ajiye ledar. Ta ce wa yara su je tsakar gida, akwai alewa a jakarta. Ni ba wanda ya kore ni, an saba mantawa da ni a jikin bangon nan. Ta kashe talabijin da hannunta, abin da ba wanda ya taɓa yi Baba na zaune. Ta durƙusa gabansa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, zan yi muku rashin kunya. Ku rufe idon hagu da tafin hannu."

A raina na ce yanzu zai kore ta. Sai ya ɗaga hannu ya rufe.

Ta ɗaga yatsa uku daidai fuskarsa ta ce, "Yatsa nawa kuke gani?"

Ana jin tukunya na tafasa daga tsakar gida. Can ya ce a hankali, "To, ɗaga hannun in gani."

Hannun kuwa tun ɗazu yana sama. Inna ta saki salati ta dafe ƙirji. "Na hwaɗi! Abin ga na yac cinye mai ido!"

Sista ta ce, "Inna, ba talabijin ba ce. Ba ta ci masa ido ba, ita ce ma ta nuna. Taku bakwai ɗin nan ni ma da ka na faɗa, ba a littafi na gani ba. In kun ga mutum yana ta matsowa, idonsa za a kai a duba." Ta juya wurinsa. "Baba, tun yaushe?"

"Kwanan ga na," in ji shi.

Ta waiwayo ta dube ni, dogon kallo. Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma.

Ta rubuta takarda zuwa wani asibitin ido a Sakkwato, ta ce jibi ma ya yi nisa, gobe za a tafi. Ni aka ce in raka shi, don ni ke jin Turanci, Kawu kuma yana kan hanyar Ikko. Tun da aka haife ni ban taɓa zama kafaɗa da kafaɗa da Baba ba sai a motar nan. Na takure jikina kada rigata ta taɓa tasa. 

Mun daɗe a kan benci kafin a kira mu. Likita ya ɗiga masa magani, ya haska, ya sa shi ya ɗora haɓa a kan wata na'ura, ya jima yana dubawa. Turancina bai yi amfani ba, da Hausa ya yi bayani, a hankali. Ya ce ruwan cikin ido ne ya yi yawa yana danne jijiyar gani. Na dama jijiyar ta riga ta mutu, ba ta dawowa. Na hagu an tarar da sauransa, akwai kuma yanar ido a kai wadda za a iya cirewa, in ya riƙe maganin ɗigawa iyakar rayuwarsa ana sa ran zai tsaya. Shiga ruwa da hawan keke gefen kanal kuwa, ya ce a manta da su. Ya ce ciwon a ɓoye yake ci, ba zafi ba ƙaiƙayi, amma da an zo watannin baya da wataƙila an ceci wani abu a na daman.

Sai ya juyo gare ni. "Ku a gida ba wanda ya lura? Ba ku ga yana laluben abu ba, ko yana matsawa kusa da abin da yake kallo?"

Na buɗe baki. Baba ya riga ni.

"Ba su sani ba, likita. Ni kaɗai nis san abina."

Likita ya girgiza kai ya ci gaba da rubutu. Da ya miƙo mini takardar magani, na karɓa da hannu biyu.

A hanyar dawowa direba ya tsaya a Achida a yi sallar la'asar. Muka sauka. Masallacin na ƙetaren titi, amma Baba bai ƙetare nan take ba. Ya tsaya gefen hanya, gaban masu rake, idonsa ya yi ja saboda maganin da aka ɗiga masa, yana fuskantar wani wuri can. Ina bayansa da ledar magani. Da ya fara magana ban san da ni yake ba, sai da na waiwaya na ga ba kowa kusa.

"Kujerag ga," ya ce. "Na san ke ka gusa ta."

Na tsura wa ledar magani ido.

"Tun kina mai da ta baya nis sani. Kullum ni kan ce, yau yarinyag ga za ta tada hankalin gida, a tilasta man zuwa asibiti. Ni ba ni iya hwaɗi da bakina. Da nig ga kin shimhiɗa tabarma, nac ce to, shi ke nan, ita ma ta bar ni da abina."

Na ce, "Baba, asiri nika ruhwa maka."

Ya gyaɗa kai. "Kin ruhwa. Allah shi yi miki albarka."

Ba da gatse ya faɗa ba, har zuciyarsa ya sa albarkar. Shi ya sa ta fi yi mini ciwo. Da zagina ya yi a gaban masu raken nan, wallahi da na fi samun sauƙi.

Wata babbar mota ta taho da gudu ta damansa. Bai gan ta ba sai da iskarta ta kaɗa masa riga, ya ja da baya a firgice, ya tsaya yana mayar da numfashi.

"Dawo ta damana," ya ce. "Wajen ga ba ni ganin kome."

Na dawo ta damansa, na kama hannun rigarsa, muka ƙetare titi. Da muka koma mota ma nan na zauna, ta gefen da ba ya gani, na yi ta kukana a hankali har muka shiga Goronyo.